Yadda ake haɗa kuɗi a kama haya a Abuja ba tare da zumunci ya lalace ba

A saman firjin gidanmu a Kubwa akwai wani littafi mai shuɗin bango, irin na 'yan makaranta, an ɗaure masa biro da zare don kada ya ɓace. Bangon ya sha manja, gefensa duk ya nannaɗe. Mu huɗu ne a gidan, ɗaki biyu da falo, kuma yau shekara huɗu ke nan ba a taɓa ɗaga murya a kan kuɗi ba. Duk ƙanen da ya kira ni daga gida ya ce ya samu aiki a Abuja yana neman shawarar wurin zama, labarin littafin nan nake fara ba shi, kafin maganar unguwa ko ejan, wato dillalin gida.

Na zo garin nan bautar ƙasa a 2019, lokacin alawus naira 19,800 ne, kafin a mai da shi 33,000 a farkon 2020. Da na gama aka riƙe ni a wurin da na yi hidima, sai muka haɗa kuɗi mu uku muka kama ciki da falo a Mararaba, naira 250,000 a shekara. Ɗaya daga cikinmu abokina ne tun sakandare, tare muka yi kwana a ɗakin makaranta shekara shida. Saboda haka da aka zo maganar inda za a riƙa tara kuɗin hayar shekara mai zuwa, babu wanda ya yi tunani sau biyu, aka ce a riƙa tura masa. Wata tara muna turawa. Ana saura mako uku haya ta ƙare na ce masa ya kamata mu kai wa mai gida kuɗinsa, ya ce gobe. Goben ta zama jibi. Ranar da na tsare shi bayan sallar isha'i, sai ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska da hannu, ya ce mahaifiyarsa ce aka kwantar a asibiti wata biyu da suka wuce, ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa, abin ya fi ƙarfinsa.

Ba ɓarawo ba ne, kuma da ya faɗa mana tun farko wallahi da mun ce ya ɗauka. Kunya ce ta hana shi faɗa, kunya ce ta hana mu tambaya duk tsawon watannin nan. Muka rasa ɗakin, na koma kwana a falon wani ɗan garinmu a Nyanya na wata biyu, ni da abokina kuwa sai da muka shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta saƙon waya. Abin da zan faɗa a ƙasa duk daga wannan daren ya samo asali. Mu Hausawa an rene mu da kara da kawaici, kuma halaye ne masu kyau, amma a gidan haɗaka duk maganar da aka ji nauyin yi ranar shiga, za a yi ta da ɓacin rai ranar fita.

Me ya sa sai an haɗa

Lissafin ba shi da wahala. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara idan mutum bai ci ba bai sha ba. Gidan da muke ciki mun kama shi 800,000 a 2021, yanzu 1,800,000 muke biya, kuma a dunƙule ake son kuɗin, shekara guda gaba ɗaya. Albashin shekara na ƙaramin ma'aikaci bai kai rabin hayarmu ba, alhali Kubwa muke, ba Maitama ko Asokoro ko Wuse II ba. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991 mutane ke kwararowa, gidajen da ake ginawa a tsakiyar gari kuma ba don irinmu ake gina su ba. Shi ya sa masu yi wa birnin aiki suke kwana a Kubwa, Dutse, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, ko ma a wajen Abuja ɗungurungum: Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja jihar Neja.

Kada wanda ya ji zama da wasu ya zama abin kunya gare shi. Yawancinmu a ɗakin samari muka tashi, a shagon ƙofar gida, mu biyar mu shida a kan tabarma. Bambancin kawai shi ne can akwai uba da yayye a cikin gida masu tsawatarwa, tuwo kuma daga ciki yake fitowa. Nan babu babba, sai tsarin da kuka yi wa kanku.

Wanda za ka zauna da shi

Mutum ake fara nema kafin gida. Kuma abota daban, iya zama tare daban. Akwai wanda za ka so ku yi hira har sha biyun dare amma ba za ka jure yadda yake barin banɗaki ba.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda zai shigo mana ita ce ranar da kuɗi ke shigo masa da kuma yadda suke shigowa. Ba adadin nake tambaya ba. Ma'aikacin gwamnati ya san ƙarshen wata, mai sayar da waya a kasuwa yau akwai gobe babu, ɗan kwangila kan yi wata uku shiru sannan su zo a dunƙule. Duk ana iya zama da su, amma dole a san irin tsarin biyan da zai dace da kowa. Sai tambaya ta biyu: mutum nawa ne a gida suka dogara da kai? Wanda ke ɗauke da iyaye da kuɗin makarantar ƙanne huɗu, wata rana waya za ta zo masa da tsakar dare, kuma gara ku san da haka ku tanadi abin yi. Ta uku, yaushe kake sa ran aure? Ana dariya idan na yi wannan tambayar, amma aure ne ya fi komai fitar da mutum daga gidan gwauraye, kuma sau da yawa a tsakiyar shekarar haya yake faɗowa.

Bayan wannan, ka nemi wanda ya taɓa zama da shi ka tambaya. Ka je inda yake kwana yanzu ba tare da dogon shiri ba, ka ga ɗakin da idonka. Ka san wani nasa, yaya ko kawu, ka karɓi lambarsa. Wannan ba zargi ba ne. Idan zazzaɓi ya kayar da mutum cikin dare ku ne danginsa na farko, kuma idan wani abin ƙi ya ɓullo a ɗakinsa, jami'an tsaro duk wanda suka tarar a gidan za su kwasa.

A cikinmu akwai Kirista ɗan kudancin Kaduna, kuma a gaskiya ya fi mu duka tsabta da cika alƙawari. Kafin ya shigo muka zauna muka yi maganar da mutane ke kauce wa: ƙarar agogon asuba, motsin tukwane lokacin sahur, abin da za a iya sakawa a firji da wanda ba za a saka ba, giya, sigari, shisha, da zuwan 'yan mata. Shi ma ya faɗi nasa, ya ce safiyar Lahadi yana son banɗaki da dutsen guga da wuri, kuma ba ya son a riƙa mai da falo wurin muhawarar addini. Aka rubuta a shafin farko na littafin, kowa ya sa hannu. Zaman bai kai awa guda ba.

Unguwa: a haɗa haya da kuɗin mota

Kuskuren da sababbin zuwa suka fi yi shi ne duba kuɗin haya kaɗai. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ka ɗauka ka samu wuri a Masaka da zai rage maka 300,000 a shekara, amma zuwa aiki da dawowa zai ƙara maka 1,500 kullum. Kwana 22 a wata, wata 12, ya kama 396,000. Ka yi asara, ga kuma cunkoson hanyar Keffi, daga Mararaba zuwa Nyanya zuwa Kugbo har AYA, wanda na sha barin gida kafin gari ya waye saboda shi.

Don haka kowa ya rubuta inda yake aiki, a nemi hanyar da ta fi yi wa mafi yawa sauƙi. Masu aiki a Wuse, Jabi, Utako da sakatariya, ɓangaren Kubwa da Dutse ya fi musu. Masu Garki da Area 1 su duba Lugbe ko Karu. Kafin ku biya, ɗayanku ya gwada hanyar ranar Litinin da safe, ba ranar Asabar da ejan zai kai ku titi fayau ba. A lura kuma da nisan gida zuwa bakin titi, domin ɗan acaɓa na safe da yamma shi ma kuɗi ne, da kuma inda ake hawa mota idan dare ya yi. 'Yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ba tatsuniya ba ne a garin nan, tasha ta fi tsayawa a gefen hanya.

Duba gida da takarda

Ejan zai karɓi kuɗin kai ku duba gida tun kafin ku ga komai. Idan an daidaita, abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 nasa, wani kashi 10 na lauya da takardar yarjejeniya, sai kuɗin ajiya da ake kira koshin, wanda ake cewa za a mayar idan ba ku ɓata komai ba. Mu a 2021, gidan 800,000 sai da ya ci 1,010,000 kafin a miƙo makulli. Ku sa wannan a lissafi tun farko, kada a zo wurin biya a fara kallon juna.

Ku je duba gida ku biyu aƙalla, kuma idan da hali da damina. Ranar da muka je ganin wani gida a bayan unguwar Byazhin da ke Kubwa, fenti sabo fil, har ƙamshi yake. Abokin zamana ɗan Gumel ya durƙusa ya kai hannu ƙasan bango kusa da tayil, fentin ya ɓare a yatsansa kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf. Muka fita waje muka ga layin laka a jikin katanga, ya kai gwiwa. Mai shagon da ke kallon gidan ya ce mana duk Agusta sai masu gidan sun ɗora katifu a kan tebur. Tun daga ranar nake cewa a bar ejan a tsakar gida a je a sayi ruwan leda wurin mai shago ko mai shayin layin, a tambaye shi wuta, ruwa, ɓarayi, da dalilin tashin wanda ya bar gidan. Wasu sassan Lugbe da Lokogoma sun yi suna wajen ambaliya, amma ko'ina akwai gidan da aka gina a kan hanyar ruwa.

A ɗaga kai a duba silin ko akwai tabon yoyo. A buɗe kowane famfo, a ja ruwan masai, a leƙa sokawe. A tambaya ruwan na gwamnati ne, na burtsatse ne, ko sai an kira 'yan ga-ruwa, domin kurar ruwa kullum ga mutum huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mita kuwa a tsaya a kanta sosai. Ta kati ce ko ta kawo takarda? Ku kaɗai ne a kanta ko da maƙwabta? Akwai tsohon bashi? Idan akwai, duk sayen da kuka yi za a riƙa zaftare wani abu, ku biya wutar da wani ya sha. A kuma san rukunin da kamfanin wuta ya sa layin a ciki, domin a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, fiye da ninki uku, ko da yake an ɗan rage daga baya.

Sai maganar rusau. Wanda ya san Abuja lokacin da Nasir El-Rufai yake minista, daga 2003 zuwa 2007, ya san abin da jan fenti a jikin bango yake nufi, kuma har yau ba a daina ba. Gidajen ƙauyukan da birni ya cimma suna da araha ne saboda da yawansu ba su da takardar gwamnati. Idan dole ta sa za ku zauna a irinsu, kada ku yarda ku biya shekara biyu.

Kada ku tura kuɗi sai kun ga mai gidan ido da ido, ko lauyan da ke kula da gidan a ofishinsa. Akwai masu karɓar kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya su kashe waya. A biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda, a karɓi rasit.

Takardar yarjejeniya ita ce inda 'yan haɗaka suka fi cutuwa. Yawanci sunan mutum ɗaya ake sawa, sauran a idon doka baƙinsa ne kawai, ranar da kuka saɓa yana iya cewa ku fita. Kuma kusan kowace takarda tana hana ɗan haya saka wani a gidan ba da izinin mai gida ba. Saboda haka ku gaya wa mai gida gaskiyar yawanku, ku nemi a sa sunayenku duka, a kuma rubuta cewa idan ɗaya ya tashi ana iya maye gurbinsa da sanin mai gida. Wasu masu gidan za su ƙi, su ce ba sa ba gwauraye. Gara a ƙi ku yau da a gano ku bayan wata uku. Ku karanta abin da aka rubuta game da notis. A dokar Abuja mai hayar shekara yana da notis na wata shida, mai hayar wata yana da wata ɗaya, sannan akwai na kwana bakwai kafin a je kotu, amma idan takardar da kuka sa wa hannu ta faɗi wani wa'adi daban, ita za a bi. Rasit ɗin ma ku nemi ya nuna kason kowa, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ba mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai. Wanda ba shi da shaidar biya ba zai mori wannan ba.

Ranar shiga, kafin a shigo da ko katifa, a ɗauki hoton kowane bango, ƙofa, taga da soket, a tura wa mai gida ta WhatsApp. Da waɗannan hotunan ake karɓo koshin.

Kuɗi

Ba a raba haya daidai idan ɗakunan ba daidai suke ba. Namu ɗaya yana da banɗaki a ciki kuma ya fi girma, sai muka ɗora masa kashi 55, ɗayan 45. A 1,800,000, 'yan babban ɗaki kowa 495,000, 'yan ƙarami kowa 405,000. Aka yi ƙuri'a a shekarar farko, daga baya wanda ya fi son sarari ya zaɓa ya biya.

Tara hayar baɗi ana fara shi ne a watan da aka shiga, ba a jira. Mu kashi goma muke raba kason kowa, ba sha biyu ba, wato 49,500 da 40,500 a wata. Watanni biyun da suka rage su ne na numfashi: wanda ya samu matsala ya cike, idan kuma mai gida ya yi ƙari ba a fara daga sifili ba. Kuɗin ba ya zama a asusun kowa. Mun buɗe asusun haɗin gwiwa wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, babu katin cire kuɗi, alat kuma yana shiga wayar kowa. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ da ba sa mu'amala da riba. Idan buɗe asusun ya yi muku wahala, ku roƙi mai gida ya riƙa karɓa duk wata uku yana ba ku rasit. Ko ta wace hanya, kada amanar ta zauna a hannun mutum ɗaya, ko da shi ne limaminku. Tausayinsa ne ma ya sa nake faɗin haka, na ga abin da ɗaukar wannan nauyi ya yi wa abokina.

Bayan haya akwai asusun gida na wata-wata: wuta, gas, ruwa, kuɗin shara, kuɗin 'yan banga, sabulu da omo. Kowane wata mutum ɗaya ke riƙewa, ana juyawa, duk abin da ya saya ya rubuta a littafi da kwanan wata. Daren Lahadin farko na wata muna zama minti ashirin, a karanta, a rufe shafi. A wannan zaman ne kuma ake faɗin ƙorafi, kuma doka ce kowa sai ya faɗi wani abu, ko da cewa zai yi ba shi da komai. Da aka mai da shi al'ada sai nauyin baki ya tafi. Mutum zai ce, “Malam, takalmanka a ƙofar falo suna damuna,” a yi dariya a gyara, maimakon ya haɗiye wata shida.

Rance tsakaninmu ma ana rubutawa, ko na dubu biyu ne. Da farko ɗan Gumel ya ce wannan ai rashin yarda ne. Na tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Bai sake magana ba, yanzu ma shi ya fi kowa saurin ɗauko biro. Muna kuma ajiye 2,000 kowa duk wata a gefe don lalura. Da shi muka kai ɗayanmu asibiti da ƙarfe biyun dare lokacin da taifot ya kwantar da shi.

Tukunya da wuta

Abincin dare kaɗai muke haɗawa, na safe da na rana kowa ya ji da kansa, domin lokutan fitarmu sun bambanta. Shinkafa, wake, manja, man gyaɗa da garin tuwo a dunƙule ake saye, kuma duk wanda ya je gida hutun salla ana haɗa masa kuɗi ya taho da wake da gero da kuka da daddawa, sun fi araha can nesa ba kusa ba. Girki kwana bibbiyu ne. Wanda ya dafa ba ya wanke-wanke. Wanda bai iya ba ya koya, garau-garau da dafa-duka ba su gagari kowa ba, ko kuma ya ɗauki share gida da wankin banɗaki a madadin. A firji kowa yana da nasa ɓangaren, abin da ke ƙofar firji na kowa ne.

Wuta kuwa abubuwa masu zafi ne ke shanye ta: hita, dutsen guga, risho na lantarki. Mun hana risho ɗin gaba ɗaya, ruwan wanka lokacin hunturu a gas ake ɗorawa, guga ranar Asabar a haɗa a yi. Ɗayanmu daga gida yake aiki da kwamfuta, fanka na juyawa yini guda, shi da kansa ya ce a ƙara masa kaso.

Baƙi

Wannan ne ya fi wuya ga Bahaushe, kuma a nan gidaje da yawa suke watsewa. Da zarar an ji kana Abuja, kai ne masaukin gari: mai zuwa ganawar neman aiki, mai neman biza, mai jinya a Asibitin Ƙasa, ɗan bautar ƙasa da ya fito daga sansanin Kubwa bai samu wuri ba. Ba za ka ce wa ɗan yayarka kada ya zo ba, ni ma a falon wani na kwana wata biyu, ban manta ba. Amma falon na mutum huɗu ne, kuma wanda ya zo kwana biyu yana iya kaiwa wata biyar.

Muka ɗauki ma'aunin da hadisi ya bayar, cewa liyafar baƙo kwana uku ce. Kwana uku baƙon kowa baƙon gida ne, a ci da shi a sha da shi, ba a tambayar komai, sai dai a sanar kafin ya iso. Daga kwana na huɗu mai baƙo yana ƙara kason abinci da ruwa. Idan za a wuce mako biyu sai an zauna kowa ya amince, a kuma sa ranar tafiya. Ba a ba baƙo makulli. Amfanin wannan tsari ga mai baƙon ne ya fi yawa, domin yana iya cewa, “Kawu, ka san ba ni kaɗai ba ne, ƙa'idar gidan ke nan,” ba tare da ya zama shi ne marar mutunci ba.

Idan mata ne

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, su uku suke zaune a Dutse, kuma wahalar da suka sha kafin su samu gida ta ninka tamu. Masu gida da yawa da sun ji mata ne marasa aure sai fuska ta canza, a fara tambayar ina mazajenku. Abin yana min ciwo, domin yarinyar da ta yi karatu ta samu aikin halal ba ta cancanci a yi mata kallon zargi ba. Abin da ya yi musu aiki shi ne zuwa da babba namiji ranar ganin mai gida, ni na je a matsayin yayansu, da kuma nuna katin wurin aiki. Sun zaɓi gida mai get da iyalai a ciki, kusa da titi saboda aikin dare, suka canza makullai ranar da suka shiga. Iyayen su ukun sun san juna ta waya, wannan ya kwantar da hankalin gida ƙwarai. Mai gyaran famfo ko wuta ba ya shiga sai su biyu suna nan.

Ranar fita

A rubuta yadda za a rabu tun ana son juna. Namu shi ne mai tashi ya ba da sanarwar wata uku. Kuɗin watannin da suka rage masa ba gida ne zai biya shi ba, wanda zai maye gurbinsa ne, kuma sabon sai kowa ya yarda da shi, mutum ɗaya ya ce a'a an bar maganar. Kayan da aka haɗa kuɗi aka saya, firji, tukunyar gas, labule, kafet, suna shafin ƙarshe na littafin da farashinsu da ranar saye. Duk shekara muna rage kashi 20 cikin 100 na darajarsu, mai fita a ba shi kasonsa na abin da ya rage. Wanda ya kasa biya wata biyu a jere ana zama da shi a ji dalili, a ba shi watannin numfashin nan, idan abin ya ci tura a taimaka masa ya samu wuri mai sauƙi kafin ƙarshen shekara, ba a bari sai bashi ya taru har a daina gaisawa.

Ɗan Gumel zai yi aure bayan babbar salla, ya ba mu sanarwa tun watan jiya, ya samu ciki da falo a Bwari. Mun lissafa kasonsa na firji da tukunyar gas ya kama 38,000. Wanda zai maye shi wani malamin makaranta ne ɗan Zariya, na riga na yi magana da wanda ya zauna da shi a Gwagwalada. Ranar Asabar zai zo cin abincin dare, mu ba shi littafin ya karanta shafin farko.